Ƙuri'ar Da Ban Jefa Ba

Mai karatu, ka saba ganin na ƙago saurayi da budurwa, na haɗa su rigima da iyaye, na raba su a littafi na ɗaya, na sada su a na uku. To yau dai babu ƙage. Wata 'yar ƙarya ce da na yi shekarun baya take ta cin raina, na ga gara in amayar da ita ko na samu sauƙi. Abin da ya tono mini ita kuwa wani biki ne na ba da lambobin yabo ga masu talabijin, wanda ake yi a Legas, garin da ko sau ɗaya ban taɓa kwana a cikinsa ba.

Daren Asabar ne, 11 ga Mayu, 2024, ana tsakiyar bazara, irin zafin nan na Sabon Birni da ko iska ta kaɗo sai ka ji kamar daga bakin murhu ta fito. Muna zaune a tsakar gidan ƙanena, an fito da talabijin an ɗora bisa turmi da wani faifan katako. Shi ƙanen nan nawa a da gidan kallon ƙwallo gare shi, da janareta da bencina da komai. Da zaman dare ya gagari mutanen garinmu sai ya rufe, ya kwaso kwanon tauraron ɗan'adam ɗin da akwatinsa ya kafa a gida, ya haɗa da batirin sola. A daren ne ake bikin AMVCA karo na 10, wato kyautar da kamfanin MultiChoice mai DStv yake bayarwa tun shekarar 2013 a otal ɗin Eko da ke Legas. In aka fassara sunan, ma'anarsa Zaɓin Masu Kallo. Ka riƙe wannan suna, mai karatu, domin za mu dawo kansa.

Ni abin da ya zaunar da ni rukunin finafinan Hausa ne. Shekara da shekaru akwai kambu na musamman ga fim ɗin Hausa, kamar yadda ake da na Yarabanci da na Ibo da na Swahili. Mansoor na Ali Nuhu ya ci a 2018. Voiceless, wanda aka gina kan sace-sacen 'yan makaranta a Arewa maso Gabas, ya ci a 2022. Aisha na Abubakar Bashir Maishadda ya ci a 2023. Muna ta jira, ana ta kiran wasu, ashe a wannan shekarar an narkar da rukunin harsuna an mayar da shi na shiyya-shiyya, duk harsunan Afirka ta Yamma a tukunya ɗaya. Aka kira Jagun Jagun na Femi Adebayo, fim ɗin Yarabanci, zauren ya ɗauki tafi. Ƙanena ya dube ni ya ce, "Yaya, an fa cinye mu." Na ce masa fim ɗin ya cancanta, kuma har yanzu a kan haka nake, domin na kalle shi, an kashe masa kuɗi an kuma yi aiki. Amma dai na ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro.

Ba a daɗe ba aka zo rukunin da suke kira na shirye-shiryen zahiri, wato waɗanda ake cewa ba a rubuta wa mutanen ciki abin da za su faɗa ba, kyamara kawai ake sa musu tana bin su, su ci, su sha, su yi faɗa, su shirya. Aka riƙa nuna guntaye: mata a manyan falo suna nuna wa juna yatsa, wani yana kuka a kan kujera, wata tana zaɓen rigar biki. Matar ƙanena ta tambaye ni wane irin wasa ne wannan, na yi mata bayani gwargwadon sanina. Ta yi shiru, can ta ce, "Wato don mutum ya zauna gida ya yi faɗa da maƙwabcinai anka ba shi kyauta?" Muka yi dariya. Ni dai dariyata ba ta yi nisa ba, domin a daidai lokacin ne ƙaryar nan tawa ta faɗo mini a rai.

Sai na ɗan koma baya kafin ka gane.

Uban duk irin waɗannan shirye-shirye a ƙasar nan shi ne Big Brother. Asalinsa daga ƙasar Holan ne, a 1999 aka fara shi, sunan kuma an aro shi ne daga littafin 1984 na George Orwell, inda Babban Yaya yake nufin idon hukuma da ba ya barci, yana kallon kowa har cikin ɗakin kwanansa. Abin da marubucin ya rubuta don ya tsorata mutane, shi 'yan talabijin suka mayar abin nishaɗi, har ana layi ana roƙon a sa mutum a ciki. Na Nijeriya na farko a 2006 aka yi shi, kuma wanda ya ci, Katung Aduwak, ɗan Jihar Kaduna ne, ya tafi da dala 100,000. Ina iya tunawa a lokacin ina zirga-zirga tsakanin gida da Kano, ina kai rubutu wurin masu ɗab'i, ina bin bashin kuɗin littattafai wurin dillalai, wani abokina ya ce mini wai wani yaro ɗan Arewa ya samu dala dubu ɗari don ya zauna a gida wata uku. Na lissafa kwafi nawa zan sayar kafin in ga rabin rabin wannan kuɗi, na ga ko jikokina ba za su gama lissafin ba. Ɗaya daga cikin waɗanda aka kora a wancan zagaye, Ebuka Obi-Uchendu, shi ne ya dawo yana gabatar da shirin tun 2017, lokacin da aka farfaɗo da shi da sunan Big Brother Naija. Kuma daga wannan gida ne ake ɗiban taurarin da ke cika jan kafet na AMVCA. Bisola Aiyeola da ta zo ta biyu a 2017, shekara na zagayowa aka ba ta kambun sabuwar tauraruwa a bikin. Kamfani ɗaya ne ke da gidan, shi ke da tashar, shi ke da bikin, shi ke karɓar ƙuri'a. Ban ce ana maguɗi ba. Na dai ce gonar mutum ɗaya ce tun daga shuka har sussuka.

Ra'ayina a kan shirin ban taɓa ɓoye shi ba. Akwai tsiraici, akwai giya, akwai rawar daren Asabar da ba za ka so ɗanka ya gani ba, su kansu masu shi sun rubuta cewa na 'yan shekara 18 zuwa sama ne. Sai dai ni bakina yana da nauyi wajen tsine wa abin da jama'a ke so, domin na san ɗacin abin. A 2007 aka tara littattafan irin namu a wata makarantar 'yan mata a Kano aka cinna musu wuta, da sunan gyaran tarbiyya. Kafin nan ma shekara da shekaru ana kiran abin da muke rubutawa adabin kasuwa, da nufin raini, alhali In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu sun koya wa mata da yawa karatun boko fiye da yadda wasu azuzuwan yaƙi da jahilci suka koya. Waɗanda suka fi zaginmu galibi ba su taɓa karanta shafi goma ba. Saboda haka na san cewa in ka ga mutane sun yi cincirindo a kan abu, akwai ƙishin da yake kashe musu, ko da ruwan gurɓatacce ne. Na san wannan sarai. Amma da abin ya zo cikin gidanmu sai na manta.

A ranar 27 ga Mayu, 2020, 'yan bindiga suka auka wa Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa, aka kashe mutum fiye da 70 a yini guda. Yayanmu yana cikin waɗanda aka yi wa sutura. Ba zan tsaya a nan ba, don ba shi ne labarin ba, kuma hannuna ba ya iya rubuta shi har yau. Iyalinsa suka watse, wasu suka tsallaka Gidan Runji a Jihar Maraɗi wurin dangin uwa, babbar ɗiyarsa kuma, yarinya 'yar shekara 15 a lokacin, ta dawo hannunmu, tana kwana gidan ƙanena tana wuni gidana. Yarinya ce mai surutu a da. Bayan abin sai ta zama kamar an ɗinke mata baki. Ta yi shara, ta yi wanke-wanke, ta ce ina kwana, shi ke nan.

Damina ta 2021 ta zo da nata. A farkon Satumba gwamnatin jiha ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta hana sayar da fetur a jarka, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni. Ranar 20 ga watan aka sanar da katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da mu da Isa, bayan an riga an katse na Zamfara. Dalilin da aka bayar shi ne a toshe wa ɓarayin daji hanyar magana da masu ba su rahoto. Ko ya yi amfani ko bai yi ba, wannan muhawara ce ta wata rana. Abin da na sani shi ne mun wayi gari wayoyinmu sun zama tocila. Babu kira, babu saƙo, masu POS sun naɗe tabarma, ɗanka yana Ibadan yana dako ba shi da hanyar turo maka ko sisi.

Ga wani abin mamaki da sai wanda ya zauna a ciki zai gane. Shi kwanon tauraron ɗan'adam ba ruwansa da layin waya, daga sama yake ɗauko hoto. Ƙanena ya riga ya biya kuɗin wata kafin a katse, batirin sola kuma ba ya shan fetur. Saboda haka a cikin wannan shiru, da ba ka iya jin muryar ƙanwarka da ke Gatawa, muna iya ganin wasu samari da 'yan mata a wani gida a Legas suna goge baki da safe, dare da rana, a tasha ta 198. Mu muna ganinsu tar, su kuwa ba su san da mu ba, kuma ba mu da hanyar aika musu ko tari.

Wata rana da la'asar na shiga gidan ƙanena, na tarar babu kowa a falo sai yarinyar nan, ta ƙura wa talabijin ido, an rage murya. Shirin ne. Raina ya ɓaci. Na kashe, na shiga faɗa, na ce ubanta bai cika shekara biyu a ƙasa ba tana kallon 'yan iska, na ce wace tarbiyya ce wannan, na faɗi maganganu da yawa irin waɗanda aka sha faɗa a kan littattafaina. Tana durƙushe kanta a ƙasa har na gama. Da na juya zan fita sai na ji ta ce, a hankali:

"Baba, can gidan in anka fidda mutum, gida shika komawa wurin uwatai."

Na tsaya a bakin ƙofa. Wallahi tun da ta zo gidanmu ban ji ta haɗa magana mai tsawon wannan ba. Ashe abin da take kallo ke nan. Duk ranar Lahadi ana kiran sunan wani a ce ya fita, ya yi kuka, a rungume shi, ƙofa ta buɗe, ya fita, sai ga shi a waje a kan dandamali yana dariya ana yi masa tafi. Gida ne da ake tsare mutane a ciki, a fitar da su ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wanda ake kawo gawarsa. Ni da nake taƙama da sanin zuciyar mai karatu, ban hango wannan ba. Laifi tudu ne, in ji Hausawa.

Ban ce mata komai ba, na dai kunna mata na fita. Daga baya na roƙi matar ƙanena ta riƙa zama da ita, a kashe in dare ya yi. Da sannu bakinta ya fara buɗewa, a kan shirin dai. Akwai wanda take so a ciki, wani ɗan Ibo da ake kira Whitemoney, kuma dalilinta shi ne wai shi ke dafa wa kowa abinci, ba ya gajiya, ko wanda ya zage shi sai ya zuba masa. Ta ce haka babanta yake in an yi baƙi.

A makon ƙarshe na shirin, wato ƙarshen Satumba, ta same ni da wata 'yar takarda da ta yago daga littafin makaranta. Ta kwafo adireshin intanet ɗin da ake nunawa a ƙasan allo, harafi bayan harafi. Ta san ina zuwa wurin sabis. Shi wurin sabis wani ɗan tudu ne a gefen gari, inda in kana da layin Nijar, ka ɗaga waya sama ka yi haƙuri, sandar sabis ɗaya ko biyu kan leƙo daga tsallaken iyaka. Layin Nijar ya yi tsada a lokacin kamar zinariya. Ta miƙo mini takardar da hannu biyu ta ce, "Baba, in ka tai, ka jefa mishi ƙuri'a. Ko guda."

Na je. Mai karatu, da ma ka ga wurin nan. Mutum ya fi talatin, kowa hannu a sama kamar masu roƙon ruwa. Na kusa da ni wani dattijo ne yana ihu cikin waya yana gaya wa ɗansa da ke Kudu cewa an sayar da shanun duka, kuɗin ba su kai abin da mutanen daji suka yanka ba, ya nemo ciko kafin Juma'a. Wata mata tana tambayar ko an ga mijinta a asibitin Maraɗi. Wani yaro yana karɓar naira hamsin-hamsin yana ba da aron wayarsa. Ni kuma ga ni da 'yar takarda a aljihu. Na gama kiran da ya kawo ni, na koma gefe kamar ɓarawo, na juya wa mutane baya, na rubuta adireshin. Shafin ya fara buɗewa, ya tsaya. Na sake. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a tsakiyar allo. Na ɗaga hannu sama kamar kowa, ina jin kunyar kada wani ya leƙo ya ga abin da nake nema. Sau ɗaya hoton ya fito rabi, aka ce in yi rajista a turo mini lamba ta saƙo, saƙon bai zo ba. Na yi kusan rabin sa'a. Da rana ta yi ja mutane suka fara watsewa, don ba wurin da za ka bari magariba ta same ka ba ne, na mayar da wayar aljihu na bi su.

Tana bakin zaure tana jirana. Ta ce, "Baba, ka jefa?"

Na ce, "Na jefa."

Ranar Lahadi, 3 ga Oktoba, 2021, aka sanar Whitemoney ya ci, kyautar da aka ƙiyasta a naira miliyan 90. Ina zaune a waje na ji ihunta daga ciki, ta fito da gudu ba ko ɗankwali, tana cewa, "Baba, da tamu ciki! Da tamu ciki!" Rabon da in ga haƙoranta tun kafin rasuwar ubanta. Na ce mata ƙwarai kuwa, da tamu ciki.

Masu shirin sun ce an jefa ƙuri'a fiye da biliyan ɗaya a wancan zagaye. Kada adadin ya ruɗe ka, domin ba mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya ba ne. Mutum guda yana iya jefa ɗari ta intanet, wanda kuma yake biyan babban kuɗin wata a DStv ana ba shi ƙuri'u ninkin-ba-ninkin na mai biyan ƙarami. Haka tsarin yake, kuma ba su ɓoye ba. A bikin AMVCA ma wasu rukunan alƙalai ke yankewa, wasu kuma masu kallo ke zaɓa ta intanet. To su wane ne masu kallon? Wanda ke da wuta, da sabis, da kuɗin data, da kwanciyar hankalin da zai zauna yana latsa waya sau ɗari. A makon ƙarshe na wancan zaɓe, Zamfara ba ta da layi, mu ba mu da shi, wasu sassan Katsina da Kaduna ma haka. Miliyoyin mutane ne, kuma a cikinsu akwai masu kallo, na ga ɗaya da idona. Da aka tashi cewa ƙasa ta zaɓa, ba a yi ƙarya ba, ƙasar da ke da sabis ta zaɓa. Wata biyu bayan haka, a farkon Disamba, aka tare motar fasinja a Gidan Bawa aka cinna mata wuta da mutane fiye da 20 a ciki. Wannan kam ya shiga labarai, na kwana biyu ko uku.

Kada a ce mu ba mu san gasa a talabijin ba. Mu nan bakin iyaka tun muna yara muna da tamu. Duk shekara in lokacin kokawar ƙasa ta Nijar ya zo, wadda aka fara a Tawa a 1975, gari kan koma gindin rediyo da tashar Tele Sahel. Tsofaffinmu har yau suna ba da labarin Kantu na Maraɗi, wanda ya fara ɗaukar takobi, yaranmu kuma sun tashi da sunan Isaka Isaka na Doso. Ita ma ba a rubuta wa kowa abin da zai yi, ga kiɗa, ga kirari, ga laya, ga kuka in an sha ƙasa. Bambancinta shi ne ba ta bukatar ƙuri'ar kowa. Wanda aka kai ƙasa ya faɗi, mai kallo a Yamai da mai saurare a Tsamaye duk abu ɗaya suka shaida. Haka musabaƙar Alƙur'ani da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta faro a Sakkwato a 1986, yaro daga ƙauyen da ba a san sunansa ba yana iya zuwa ya kayar da 'yan birni, don abin da ke kansa ake aunawa. Ban ce a daina waccan a kama wannan ba, kowa da abin da ke faranta masa. Kwaɗayin lambar yabo kuma ni ne shugaban masu shi. Tun gasar 1933 da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam marubucin Hausa yake mafarkin a kira sunansa a taro, kuma da BBC ta buɗe gasar Hikayata a 2016 ta ce ta mata ce, na yi kwana biyu ina jin haushi.

Wata biyu da rabi bayan wancan daren da muka kalli biki a tsakar gida, ranar Asabar 27 ga Yuli, 2024, aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a Kwanar Maharba, yana dawowa daga Sakkwato tare da ɗansa. Washegari Lahadi aka buɗe sabon zagayen Big Brother a Legas, kyautar naira miliyan 100. Na san haɗuwar ranakun ba ta nufin komai, amma ta zauna mini a kai. Bayan makonni sai ga bidiyo. Dattijo da ya haura shekara 70, basarake daga gidan sarautar Gobir, a ɗaure, da jini a tufafinsa, yana roƙon a cece shi kafin wa'adin da aka ba shi ya cika. A wannan karon muna da sabis. A wannan karon duk ƙasar ta kalle mu. Bidiyon ya zagaya Facebook da WhatsApp da TikTok, mutanen da ba su taɓa jin sunan Gatawa ba suka iya faɗarsa.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na kalli bidiyon nan ya fi sau goma. Na farko da na biyu kuka na yi. Daga nan sai na kama kaina ina lura da yadda muryarsa ke rawa, da inda yake kallo in ya yi shiru, da inuwar wanda ke riƙe da wayar, irin lurar da marubuci ke yi in ya ga abin da zai shiga littafi. Na tura wa mutum bakwai ko takwas, ina ce wa kaina don a taimaka ne. A daren na ɗauko littafin rubutu na tsara babi uku, har da sunan labari, har ina raya cewa wannan kam in an fassara shi zai iya cin wata gasa. Wanda ya ɗauki bidiyon masu kallo yake nema, ya kuma samu, ni ina cikinsu. Mutum a tsare, kyamara a kansa, ga wa'adi, ga jama'a suna jiran su ga yadda za ta ƙare. Sai dai wannan gidan ba irin wanda ɗiyata ta ba ni labari ba ne. Ranar da labarin rasuwarsa ya iso, a cikin watan Agusta, aka yi masa salla babu gawa. Babi ukun nan suna cikin akwati, ban ƙara ko layi ba, ban kuma yaga ba.

Ita yarinyar an yi mata aure a 2023, tana cikin birnin Sakkwato, har ta haihu, an mayar da sunan yayanmu. Tana da waya babba yanzu, ta fi ni sanin kanta. A bikin AMVCA na 2025 fim ɗin Hausa, Mai Martaba, ya samu shiga jerin Afirka ta Yamma. Ana cikin makonnin zaɓe ta kira ni, bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida ta ce, "Baba, kun ga namu ya shiga? Ni kullum sai na jefa. Kai ma ka jefa, hannunka na da sa'a, ka tuna waccan shekara."

Na buɗe baki zan gaya mata. Na riga na shirya maganar tun shekara uku, na san ta inda zan fara, da tudun, da dattijon nan mai shanu, da ɗan zoben da ya yi ta juyawa. Sai na ji jaririn yana kuka a kusa da ita, tana jijjiga shi tana kiransa Baba, tana dariya. Na ce mata to, in sha Allahu zan jefa.

A wannan karon na jefa, sabis ya kama, shafin ya buɗe, har saƙon lamba ya zo. Da daren bikin ya zo aka kira Lisabi, wani fim ɗin Yarabancin. Da safe ta turo mini saƙon murya tana cewa ba komai, baɗi ma rana ce, in gaida su Inna.